Kwamfuta ta ƙi tashi bayan ƙarin RAM

Ɗan Nima: Salamu alaikum. Tsohuwar kwamfutar tebur ce mai G41 (samfurin chipset na Intel da ke kan babban allonta, wato motherboard). An sa mata RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) samfurin DDR3 mai 4GB da aka sayo a Circle, unguwar masu sayar da kayan lantarki a Accra. Fanka na juyawa, amma sikirin baƙi ƙirin. Mene ne mafita?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam, ƙanena. Zare wayar wuta, danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 20, sannan mayar da tsohon RAM shi kaɗai. In ta tashi, laifin sabon ne: G41 ba ta karanta RAM 4GB mai ƙwaya 8 (baƙaƙen chips ɗin da ke jikinsa). Koma a canza maka da mai ƙwaya 16, takwas a kowane gefe.

Baba Mamobi: In har yanzu shiru, cire batirin CR2032 (ƙaramin batiri mai kama da kwabo da ke kan allon) na minti 5, saitin BIOS (manhajar da ke fara tayar da kwamfuta) zai koma na asali. Goge haƙoran RAM (gefensa mai launin zinare da ke shiga rami) da abin goge fensir, ka danna shi sosai har maƙallan biyu su kama.