Shin darakta na da 'yancin ba kowa kowace rawa a wasan dandamali?

Ɗalibar Dandamali:
Assalamu alaikum. Don Allah masana, in marubuci bai faɗi launin fata ko jinsin wanda zai taka wata rawa ba, darakta na iya ɗora wanda ya ga dama? Kuma a ina aka fi samun matsala?

Malam Na-Bayan-Labule:
Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a kira kowa tantancewa, a fara karanta takardar izinin wasan. Yawancinsu suna da sharaɗin cewa ba a canza jinsi ko siffar kowa sai da rubutaccen izini. A 2017 magadan marubucin wasa Edward Albee sun hana wani shiri na wasansa Who's Afraid of Virginia Woolf? a Portland ta Amurka saboda an ba baƙar fata rawar Nick. Marubuci Samuel Beckett kuwa da kansa ya kai wata ƙungiya a Holan kotu a 1988 don ta sa mata su taka rawar maza a wasansa Waiting for Godot, amma bai yi nasara ba. Wasannin Shakespeare ba mai hana ki, sun zama na kowa.

Hajiya Mai Tantancewa:
Izini daban, idon 'yan kallo daban. Masu cewa "mu ba ma duba launi" su ne suka fi tafka kuskure, don mai kallo yana gani. A ce 'yan wasa 12, baƙar fata biyu, ɗaya bara ɗaya ɓarawo: an riga an faɗi magana ko da ba a yi niyya ba. Abin yi shi ne a jera sunaye da rawar kowa a takarda ɗaya kafin a sanar, a duba wa ke ba da umarni, wa ke durƙuso, wa ke mutuwa da wuri. Kusan abin da ya jawo wa kamfanin wasan dandamali na Royal Shakespeare Company (RSC) na Ingila suka ke nan a 2012: labarin ƙasar Sin ne, amma cikin mutum 17 uku kaɗai ne 'yan asalin gabashin Asiya, su ma a ƙananan rawa.

August Wilson, marubucin wasa baƙar fata na Amurka, ya je nesa da haka a jawabinsa na 1996. Shi a wurinsa a ba gidajen wasan baƙar fata kuɗi su yi nasu labarin ya fi a cusa su cikin na Turawa. Ban bi shi duka ba, amma yana da hujja.

Mai Fitila:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai an manta da mu. Hasken da aka daidaita a kan farar fata yakan haɗiye fuskar baƙi, musamman in labulen baya baƙi ne. Shuɗi mai haske ko kore yana sa fata ta yi furu-furu kamar toka. A gwada haske mai launin ruwan zuma ko ruwan hoda, a ƙara haske daga gefe, kuma a yi gwajin da ainihin 'yan wasan, ba da duk wanda aka tarar a wurin ba. Haka makirfon da ake mannawa a kumatu: a sayo mai launin fatar mai shi, da hoda da gashin kanti, tun ranar da aka tsara kasafi.