Na ƙara wa motopom wuta, ruwa bai ninka ba

Mai Lambu, Mirya:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina noman albasa da salad, ina jan ruwa daga rijiya da motopom ta dogon tiyo mai faɗin milimita 50. In na ƙara wa inji wuta sai esansi ya yi ta ƙarewa, tiyo na ta rawa, amma ruwan da ke isa fangali ɗan kaɗan yake ƙaruwa. Injin ne ya gaji, in nemi babba?

Malamin Fizik, Zango:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi gaggawar zargin inji. Ruwa a cikin tiyo tafiya iri biyu gare shi: ko ya tafi a natse, layi-layi, ko ya hargitse yana juyi yana dukan bango. Dubi hayaƙin turaren wuta, daga kasko yana miƙewa sak, can sama sai ya dagule.

Osborne Reynolds ne ya nuna wannan a Mancesta ta Ingila a 1883, da ya ɗiga rini cikin ruwan da ke bin bututun gilashi. Ya fitar da lissafi: gudun ruwa sau faɗin bututu, a raba da kaurin ruwan. In amsar ba ta kai wajen 2,300 ba, tafiya a natse take. In ta haura 4,000, hargitsi ne. Naka tiyon, da gudun mita 1 a daƙiƙa, ya kai wajen 50,000. Wato ruwanka a hargitse yake tun kafin ka taɓa inji.

To ga inda kuɗinka ke tafiya. A cikin hargitsi, in ka ninka gudun ruwa sau 2, matsin da ake asara wajen gogayya da bango yana kusan ninka 4, ƙarfin da inji zai kashe a kan gogayyar kuwa kusan sau 8. Faɗin tiyo shi ne magani: daga 50 ka koma 63, asarar za ta sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na da, alhali ruwan da ke wucewa bai ragu ba.

Mai Gyaran Famfo, Birni:
Malam ya yi gaskiya, sai dai rawar tiyon nan ban yarda duk hargitsi ba ne. Sau da yawa iska ce ke shiga ta tiyon da ke cikin rijiya. Alhaji, duba ɗaurin, ka wanke matatar bakinsa. Kuma yanzu da rani ruwa ya yi ƙasa, in tsakanin inji da ruwa ya kai mita 7 zuwa 8, da ƙyar zai jawo, ko sabo ne fil. Ka miƙe lanƙwasar tiyo ma, kowace kwana tana cin ƙarfi.

Ɗaliba, Jami'ar André Salifou:
Baba, kada ka ji ɗaya, masana ma abin ya sha musu kai. Lissafin Navier-Stokes da ke bayanin tafiyar ruwa yana cikin matsaloli 7 da Cibiyar Clay ta Amurka ta sa wa kowace ladan dala miliyan 1 a shekarar 2000.

Mai Lambu, Mirya:
Allah ya saka da alheri. Ƴata, dalar na bar muku. Maigyara, zan fara da ɗaurin gobe da safe. Wa ya san nawa ake sayar da mitar tiyo mai 63 a kasuwar Dole yanzu?