Me ya sa ake juye giyar inabi a tulun gilashi?

Sabon_Hannu, Nima: Yayyena masu aikin otal a Accra, me ya sa ake juye jar giyar inabi a tulun gilashi kafin a kai wa baƙo? Ado ne kawai?

Yaya_Mamobi: Ba ado ba ne, ƙanena. Tsohuwar giya tana tara laka mai ɗaci. Tsayar da kwalbar kwana ɗaya lakar ta kwanta. Haska tocila ƙarƙashin wuyan kwalbar, ka zuba a hankali, hannu bai tsaya ba, don in ka miƙar da ita lakar sai ta tashi. Da ka hango duhu a wuya, dakata. Ragowar ta zauna.

Auntie_Osu: Sabuwa kuma iska take so, minti 30 zuwa awa ɗaya, baurinta ya sauka. Tsohuwa kam kai ta nan take, ƙamshinta gudu yake yi. Shamfen, wato giyar inabi mai kumfa, ba a saba juye shi ba, kumfar ke tafiya.

Yaya_Mamobi: Ga zafin Accra kuma. Ja tana son digiri 16 zuwa 18, to sa tulun cikin ruwan sanyi. Wajen wanki kuma, kada sabulu ya shiga tulun, warinsa na maƙalewa. Ruwan ɗumi ya isa.