Ƴan promo, mi za mu ce ma "comédie musicale" da Hausa? Asabar nike da shiri

Rabi: Salamu alaikum ƴan promo. Taimako nike nema kuma da gaggawa. Asabar ɗin nan ƙarfe 4 ina da shirin al'adu a rediyo, kuma Alhamis da safe zan miƙa takardar shirin. Zan yi magana kan wasan nan da munka haukace a kai tun muna lise, wanda Faransawa ke ce ma comédie musicale, musamman irin wanda ake ɗauko labarinshi daga tarihi. Jiya da dare na zauna rubutu na kasa wuce layin farko don ban san mi zan kira shi ba. Masu saurarena mutanen Madarunfa ne da Gidan Rumji da Tsibiri da tsofaffin cikin gari, in na buɗe baki na ce komedi muzikal kashe rediyon za su yi. Don Allah ku ba ni kalma.

Lawali: Wa alaikumus salam. Wasan barkwanci na kiɗa mana. Comédie ai barkwanci ne

Rabi: A'a Lawali nan tarkon yake. Ka tuna Les Misérables, mace ta saida gashin kanta don ta ciyar da ɗiyarta ta zo ta mutu, yaro ƙarami an harbe shi bakin shinge, ɗalibai sun ƙare kusan duka a tawayen Paris na watan Yuni 1832. Ina barkwanci a nan? In na ce barkwanci mutane za su zauna jiran dariya, in sa masu waƙar mutuwa.

Balki: Wayyo Rabi kin tuno mani. Ranar da malamin Faransanci ya kawo kaset ɗin Notre-Dame de Paris, an ɗora talabijin bisa teburi biyu a kilas, an toshe tagogi da zannuwan ƴan mata saboda haske, wuta ta ɗauke a tsakiya munka zauna cikin zuhwa kusan awa guda ba wanda ya hita. Ni tun ranar ban warke ba. Ni dai in an bi tawa wasan waƙe za a ce, gajere ne kuma kowa ya gane.

Lawali: Balki a baki ya yi daɗi amma ki duba yadda muke rubutu a waya, rabinmu ba mu sa ƙugiya. Za a rubuta wasan wake a sanarwar Facebook ta gidan rediyon, mutane su ɗauka shirin noma ne.

Balki: To gaskiya ne, na janye

Sani: Ku tsaya, mi ya sa muke wahalar da kanmu? Duk Maradi tiyatir ake cewa. Tun zamanin samariya in an ce akwai tiyatir a MJC, gidan matasa da al'adu, kowa ya san abin da zai gani. Tiyatir na waƙa, an gama.

Mamman (Kano): Sani kada ta kuskura. Rediyonta ana kama shi har Jibiya da ƙauyukan Katsina, kuma a wancan gefen tiyata aikin likita ne, a yanka mutum a ɗinke. Kunne ba zai raba tiyatir da tiyata ba. A nan abin da ake yi a kan dandamali gaban jama'a wasan daɓe ake ce masa, don a raba shi da na fim da na rediyo. Ni shawarata wasan daɓe na waƙa. Idan na tarihi ne ki ƙara na tarihi.

Mushe Issa: Salamu alaikum. Yanzu na hito kilas na tarar da saƙonni. Duk abin da kunka kawo bayani ne, ba suna ba. Abu in ya shigo harshe suna guda ake raɗa mashi kamar jariri. Ni na daɗe da kalmata kuma ina amfani da ita da ɗalibaina shekara ukku ke nan: RERAU. Daga rera. Wasan da ake rerawa daga farko har ƙarshe. Rerau na tarihi, rerau na soyayya, za mu kallon rerau. Ku hwaɗe ta da ƙarfi ku ji yadda take zama a baki.

Rabi: Mushe Issa ta yi daɗin ji wallahi, amma in na hwaɗe ta Asabar wa zai gane?

Mushe Issa: Ranar farko ba mai ganewa, rana ta ukku kowa na hwaɗi. Jirgin sama ma akwai ranar da wani ya fara hwaɗinta.

Mamman (Kano): Malam Isa akwai matsala a ginin kalmar. Mantau mutum ne mai mantuwa, makarau mutum ne mai makara. To rerau zai zama mutum mai yawan rera waƙa, ba wasan ba. Jirgin sama kuwa ai hujjata ce ba taka ba, kalmomi biyu ne da kowa ya sani aka haɗa, bayani ne ya zama suna.

Mushe Issa: To in kun ƙi wannan ga rerarren wasa, kamar soyayyen nama, dafaffen ƙwai. Nan kam ba mai cewa nahawu ya karye. Amma rerau ta hi, kuma Mamman ina so in gane wani abu, mi ya sa kullum in ana neman kalma sai an jira a ji mi Kano ta ce? Wasan daɓe, wa ke hwaɗin haka a Maradi? Mu ba Hausawa ba ne? Sarautar Katsina ta asali nan ta taho bayan jihadi, Ɗan Kasawa nan ya kahwa gari, Gobirawa ga su nan Tsibiri. Amma ko da yaushe mu ne masu karɓa, ƙamus daga can, littafi daga can, fim daga can, yanzu ɗiyanmu na jin kunyar cewa tahi sai tafi.

Mamman (Kano): Haba Malam Isa, ni ɗan Maradi ne kamar kai, kasuwanci ya kawo ni. Ban ce Kano ta fi kowa ba, kalma na kawo.

Sani: Ni ina bayan Issa a nan. Tun 2025 kundin mulki na Refondation ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki. To in ba mu fara ƙera kalmominmu da kanmu yanzu ba sai yaushe

Lawali: Sani kai ne hwa ka kawo tiyatir ɗazu

Sani: Na kawo don ita mutane ke hwaɗi, ban ce ita ta dace ba. Abu biyu ne.

Mushe Issa: Kuma tunda an taɓo, kalmar tarihi ma Larabci ce. Muna da dauri, muna da labarun kaka da kakanni. Rerau na dauri.

Balki: Kai Issa a'a. In za ka cire tarihi don Larabci ce to ka cire littafi da alƙalami da Asabar ɗin ma da za a yi shirin, mu ga mi ya rage. Kakata ba ta taɓa shiga lakol ba tarihi take cewa. Kuma dauri na nufin can da nisa, to Sarafina hwa? Labarin ɗaliban Soweto ta Afirka ta Kudu ne na 16 ga Yuni 1976, iyayenmu na raye lokacin, wasu ma da aurensu. Wannan tarihi ne amma ba dauri ba ne.

Zara: Ina karantawa tun ɗazu daga Yamai, yara sun hana ni rubutu. Balki kin kawo misalin da ya kamata mu ji kunya da shi. Yaran Soweto sun hita titi ne don an tilasta masu karatu da harshen Afirkans, an harbe su a kan zancen harshe, mu kuma ga mu nan muna neman mu ɓata da juna tsakanin tahi da tafi alhali ƴar uwarmu na da takarda ranar Alhamis. Ku bari mu koma ga abin da Rabi ta tambaya. Ni a ganina abin da kalmar za ta riƙe guda ne, cewa waƙar ita ke ɗauke da labarin. Don in ba haka ba mai sauraro zai ce ai mun sani, fim ɗin Hausa ne ko na Indiya. A can ana cikin labari sai a tsaya a tahi lambu a yi rawa da waƙa a komo a ci gaba daga inda anka tsaya, in ka yanke waƙar ba abin da ka rasa. A Les Misérables in ka yanke waƙa ba sauran wasa, gardama da waƙa, shari'a da waƙa, mutum na mutuwa da waƙa yake wasiyya. Haka Hamilton na Amurka da ya hito 2015, mahawarar ministoci kan bashin ƙasa da rap ake yinta, kuma in ba ka saurari baitin ba ba ka san wa ya ci ba. Shi ya sa "mai waƙa" ko "na waƙa" bai gamsar da ni ba, kamar ka ce tuwo mai miya ne, alhali nan waƙar ce tuwon.

Rabi: Zara Allah shi biya ki, abin da nike ji a raina ke nan na kasa hwaɗi. Bari ma in rubuta zancen tuwon nan.

Mushe Issa: To ai abin da rerau ke nufi ke nan daidai! Zara ta kare kalmata ba ta sani ba

Zara: Na kare ma'anar, ban kare kalmar ba Issa.

Lawali: Wani abu da na gano kwanan nan, shi Hamilton ɗin, ɗan siyasar Amurka da anka yi wasan a kanshi, an harbe shi ne 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu. Su sun maida mutumin wannan zamani wasan da duniya ke kallo, mu ga Yunfa da Alkalawa da Ɗan Baskore duk suna nan ba wanda ya taɓa.

Balki: Mu mun taɓa mana! Kun manta wasanmu na tarminal? Sarauniya Mangu da yaƙin Lugu na 1899. Rabi ce Sarauniya da baƙin zane na rini da munka aro wurin gwaggona, Sani ne Voulet, shugaban sojan Faransa da sunka kawo yaƙin, da hular kwali, Issa shi ya rubuta waƙoƙin duka cikin kaye na lissahi. Ganuwar da munka yi da zana iska ta kada ta ana tsakar yaƙi, mai ganga bai tsaya ba, Rabi ta taka bisa zanar ta ci gaba da waƙa, iyaye sunka tashi tsaye.

Sani: Ban manta ba. Bayan bak da zan tahi Zinder sai da na sa direba ya tsaya Maijirgi na ga kaburburan Voulet da abokin tahiyarshi Chanoine da idona, saboda wasan nan.

Mushe Issa: Kayen na nan wurina. Kuma ko lokacin ba mu da sunan abin da muke yi, a takardar gayyata spectacle munka rubuta. Abin na ci mani rai tun sannan, shi ya sa na nace.

Mamman (Kano): Malam Isa yanzu na fahimce ka. Ka yi haƙuri idan maganata ta yi zafi. Amma har yanzu ina nan kan cewa rerau mutum ne.

Rabi: Ƴan uwa ga abin da ya faru. Bayan isha'i na tahi ɗakin Inna da waya, na sa mata wani yanki na Sarafina da wani na Les Misérables, ban yi mata bayanin komi ba, ta sa tabarau ta riƙe wayar nesa da huska ta kalla har ƙarshe. Na ce Inna mi kika gani? Ta ce wasan kwaikwayo ne mana irin na su Yazi Dogo, sai dai su waɗanga cikin waƙa suke magana. Sai na gwada mata kalmomin ɗaya ɗaya. Wasan daɓe ta ce daɓen ɗaki? Tiyatir ta gane nan take. Rerau ta tambaye ni ɗan wane gari ne. Rerarren wasa ta yi shiru ta ce ta gane amma ba ta taɓa ji ba. Don haka na ɗauki tata: wasan kwaikwayo cikin waƙa. In na tarihi ne, wasan kwaikwayon tarihi cikin waƙa. Ya yi tsawo na sani, sau ɗaya zan hwaɗe shi cikakke a farkon shiri, bayan nan in riƙa cewa wasan cikin waƙa.

Zara: "Cikin" ɗin nan ita ce ta yi aikin. Na yarda.

Mamman (Kano): Ni ma, duk da ba a nuna cewa a dandamali ake yi ba. Sai ki faɗa a bayani.

Sani: Inna ta gane tiyatir nan take amma an bar ta. To shi ke nan

Mushe Issa: Kalma biyar don abu guda. Wannan jimla ce Rabi, ba suna ba, kuma in opera ta zo gobe mi za ki ce mata, ita ma cikin waƙa suke magana. Ban yarda ba amma shirinki ne kuma ba ni jayayya da Inna. Abu guda nike roƙo, ki ce wasu malamai na kiranshi rerau, sau ɗaya tak, mu ga ko wani zai bugo waya a kai.

Rabi: Rerarren wasa zan hwaɗa Mushe, sau ɗaya, in ce kai ka raɗa. Rerau sai kun gama da Mamman. Zancen opera kuma ku bar shi sai bayan Asabar don Allah. Amma da sharaɗi, ka kawo mani kayen nan gidan rediyo gobe kahin azahar, ina so in buɗe shirin da waƙar Sarauniya ta bakin ganuwa kuma baiti biyu kawai na tuna.

Mushe Issa: Ƙarfe 11 in sha Allah. Shafin ƙarshe ruwa ya taɓa shi, Balki ko kin riƙe amshin?

Balki: Na riƙe. Bari in kwantar da yara in turo maku da murya