Kwantak mai tauri ko mai laushi? Ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce a Kongo, ABU Zariya, shekarata 23. Tun ina ƙarama nake fama da ƙaiƙayin ido, kullum cikin murza. A shekara biyu sau uku ana canza min tabarau, amma har yanzu rubutun allo bibbiyu nake ganinsa, fitilun mota da dare kuwa sai su yi jela. Likita ya ce keratokonas ne, wato fatar gaban idon ta yi sirara ta yi tsini, ya ce in koma kwantak, ɗan gilashin nan da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, mai tauri wanda suke cewa RGP. Da aka gwada min, wallahi kamar an jefa min tsakuwa. Ƙawata mai laushi take sawa, ko jin sa ba ta yi. In sayi irin nata ne kawai?

Wata 'yar'uwa daga Samaru: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ciwonmu ɗaya, shekarata huɗu da mai tauri. Kwanakin farko hawaye kamar mai yankan albasa. Na fara da awa biyu a rana, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan, kafin sati uku fatar idona ta saba. Abin da ba zan ɓoye miki ba shi ne hunturu. Ƙura ɗaya ta shiga ƙarƙashinsa a Kwangila sai da na sauka daga Keke. Yanzu ba na fita sai da baƙin tabarau a kai.

Wani ma'aikacin gwajin ido: Malama, kada ki kwatanta idonki da na ƙawarki. Mai laushi faɗinsa wajen milimita 14, yana lafewa ya bi siffar ido, to idan gaban idon ya karkace shi ma sai ya karkace. Mai tauri bai wuce milimita 9 zuwa 10 ba, ba ya lanƙwasa, hawaye ne ke cike gurbin da ke tsakaninsa da idon, sai haske ya shiga daidai. Iskar oksijin na ratsa shi, kuma in ana kula da shi yakan yi shekara ɗaya ko biyu, na ƙawarki kuwa na wata ne ko na yini. Amma ki sani yana gyara gani ne, ba ya tsayar da ciwon. Ki daina murza ido, ki nemi maganin ƙaiƙayin. In mai taurin ya gagare ki, akwai babban kwantak mai zama a kan farin ido, ki tambaya a asibitin koyarwa na Shika ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Wata uwa daga Tudun Wada: 'Yata, ko wanne kika zaɓa, kada ruwan famfo ko na rijiya ya taɓa shi, akwai ƙwayar cuta a ruwa mai lalata ido. Wajen alwala ki runtse ido sosai. Kar ki kwana da shi. Kwalli a cikin ido ma sai haƙuri.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan koma a auna min mai taurin. Yaya ta Samaru, don Allah ta yaya kike ciro shi? Ni nan ne tsorona yake.