Uwar abokin ɗana ta ƙi cin abinci sai da ya ƙoshi

Maman Ɗalibi, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum jama'a. Yarona na karatun haɗa magunguna a Chennai, kudancin Indiya. Wani abokinsa ɗan ƙabilar Tamil ya gayyace shi gida, aka shimfiɗa masa ganyen ayaba, aka zuba shinkafa da miyar wake mai tsamiya, a ƙarshe aka kawo kindirmo. Ko tsokar nama babu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne uwar gidan. Tana tsaye a kansa, yana ci tana ƙarawa, ba ta kai loma baki ba sai da ya ƙoshi. Addini ne ko al'ada?

Malamin Sakandare, Jega:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abin ya samo asali tun kaka da kakanni. 'Yan ƙabilar Tamil suna da littafin hikima mai suna Tirukkural, na wani mawaƙinsu na dā, Tiruwalluwar, baiti 1,330 a babi 133. Babi na 9 kacokan a kan karɓar baƙo yake, har ya ce ko maganin hana mutuwa mutum ya samu, bai kyautu ya sha shi kaɗai baƙo na zaune a ƙofa ba. Babi na 26 kuma ya hana cin nama, yana tambayar yadda mai gina jikinsa da tsokar wata halitta zai zama mai tausayi. Wannan baiwar Allah a kan wannan tarbiyya ta tashi.

Ɗan Bakin Gulbi, Argungu:
Allah ya gafarta Malam, amma kada Hajiya ta ɗauka dukkansu haka suke. Tsofaffin waƙoƙinsu na zamanin Sangam, wato zamanin adabin Tamil na farko, sun kasa ƙasa gida 5: mutanen bakin teku da kifi da gishiri, makiyaya da nono, na kan duwatsu da zuma, na fadama da shinkafa, sai na busasshen daji. Kamar dai Sarkawa da Fulani a kasuwarmu. A waƙoƙin nan sarakuna na ciyar da mawaƙa nama, kuma har yau yawancin mutanen Tamil Nadu na cin nama da kifi.

Maman Ɗalibi, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai. Wallahi kilishi na yi niyyar aika musu na godiya. Zan sa ya tambaya tukuna. In ba sa ci, alkaki da dabino zan ɗaure wa baiwar Allahn nan.