Wa ya taɓa karanta Zarathustra yana zaton labarin Buddha ne?

Auwalu, Zariya:
Assalamu alaikum. Ina so in ji ko ni kaɗai abin nan ya taɓa samu. An ba mu aikin karanta littafin Nietzsche, masanin falsafar nan na Jamus, wanda ya ƙago wani mai wa'azi, Zarathustra, ya zuba maganarsa a bakinsa. Shafin farko na ga mutum ya bar garinsu yana da shekara 30, ya tare a kan dutse shekara 10, ya sauko yana koyar da jama'a. Na ce ai Buddha ne aka sauya wa suna, tunda shi ma yana da shekara 29 ya bar fada ya shiga daji. Na cika shafi huɗu a kan haka. Takarda ta dawo da jan biro, layi ɗaya tak: "Ka kai ƙarshensa kuwa?" Ban kai ba. Waɗanda suka karanta, yaya kuka ƙare da shi?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ramin da ka faɗa na riga ka shiga. A Yamai na karanta shi da Faransanci, kuma tun a kashi na farko na yi tuntuɓe, a babin masu wa'azin mutuwa. A can yake zolayar waɗanda da sun haɗu da majinyaci, ko tsoho, ko gawa, sai su ce rayuwa ta tashi a banza. To su waye waɗannan ukun? Su ne abin da yarima Siddhartha, wanda daga baya ya zama Buddha, ya gani da ya fita daga fada, har duniya ta fita daga ransa. Har masu rawaya ya ambata, launin rigar masu zuhudun addinin Buddha. Bai kira suna ba, amma mai habaici ya san inda ya jefa. Koma babin nan, bai wuce shafi biyu ba.

Malam Habu, Sabon Gari:
Ni da Larabci na same shi a Khartum, a hannun masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa. Na ga sunan Zaradasht na saya, a zatona tarihin Majusawan Farisa ne. Ashe aron sunan kawai aka yi. Ban yi nisa ba na ci karo da kalmar nan tasa a kan mutuwar Ubangiji, na yi a'uziyya na rufe, ya fi wata biyu a ƙasan akwati. Daga baya na fahimci cewa ɗan fasto ne, da Kiristancin gidansu yake kokawa, kuma sau da yawa Buddha sanda ce kawai da yake ɗauka ya doki coci. A wani littafin da ya rubuta a 1888 ya ce addinin Buddha ya fi Kiristanci fuskantar zahiri sau ɗari, amma duk da yabon, a layi ɗaya ya jera su, na addinan da suka gaji da duniya. Shawarata ga yara irinku, Auwalu: a karanta da malami a kusa.

Maman Hafsa:
Ni ba don jarrabawa na karanta ba. Ina jinyar mahaifiyata ne a asibiti, Allah ya jiƙanta, ƙanena ya bar shi a jakar kwanukan abinci. Dare ya yi, an kashe fitilar ɗaki, ina kan tabarma a gefen gado ina haska shi da tocilan ɗin waya. Na kai kashi na uku, inda Zarathustra ya kwanta kwana 7 kamar gawa, gaggafarsa da macijinsa suna tsaronsa, saboda wani tunani da ya kayar da shi: wai komai zai dawo, ba sau ɗaya ba, har abada, kuma yadda yake ɗin nan, ba ragi ba ƙari. Kuma wai cikakken mutum shi ne wanda zai ji haka ya ce, a sake.

Na ɗaga kai na dubi ledar ƙarin ruwa tana ɗiga, na ji numfashin Inna yana fita da ƙyar. Wannan daren ne za a maimaita min? Wallahi kife littafin na yi a kan siminti. Sai bayan rasuwa, da na karanta kaɗan a kan Buddha, na ga ashe a nan suka raba hanya. Shi Buddha yana ganin haihuwa bayan haihuwa wahala ce, duk koyarwarsa ta yadda za a fita daga kewayen ce. Zarathustra kuwa ƙofar fitar yake so a toshe, a kuma yi murna. Ni dai ba na tare da ko ɗaya, Inna tana gaban Ubangijinta. Amma a daren nan na fi gane abin da ya kori yariman daga fada.

Auwalu, Zariya:
Allah ya gafarta wa Inna, Anti. Jikina ya yi sanyi.

Sani Injiniya:
Amin. Bari in kawo ta ɗaya ɓangaren. Lokacin da nake karatu a Indiya, maƙwabcin ɗakina wani mai zuhudu ne na addinin Buddha daga Siri Lanka, kansa a aske, ba ya cin abinci bayan rana ta take. Na ara masa littafin, ya yi mako da shi. Da ya dawo da shi dariya yake yi, ya ce Baturen nan ya yi faɗa da wani Buddha da ba su san shi ba. Ya lissafa min ƙishirwa uku da ake koya musu su rabu da ita: ta jin daɗi, ta son wanzuwa, da ta son gushewa. Wato wanda ke roƙon ya ɓace gaba ɗaya shi ma a ɗaure yake a wurinsu. Ya ƙara da cewa kewayensu ba maimaici ba ne, aikin mutum ke sauya inda zai faɗa.

Da na bi diddigi sai na ga daga ina kuskuren ya taso. Nietzsche bai taɓa fita daga Turai ba. A 1865 ya tsinci littafin Schopenhauer, wani masanin falsafa na Jamus, a shagon tsofaffin littattafai a Leipzig, shi kuma Schopenhauer, wanda har gunkin Buddha ya ajiye a gidansa a Frankfurt, yana ganin mafita ita ce mutum ya kashe son rayuwa. Da wannan tabarau Nietzsche ya kalli Buddha, ko da yake ya mallaki littafin da masani Oldenberg ya rubuta a kan Buddha a 1881. Rabin dukan da ke cikin Zarathustra a kan Schopenhauer ya sauka, wanda a da ya ɗauka tamkar malaminsa.

Abu ɗaya ya hana maƙwabcina dariya: tausayi. A kashi na huɗu tausayi ne jarrabawar ƙarshe da Zarathustra zai tsallake, su kuwa kullum da asuba suna zama su yi wa dukkan halitta fatan sauƙi. Ya ce a nan ba sulhu.

Ɗan Damagaram:
Injiniya, ka manta saniya! Garin da Zarathustra ke ƙauna sunansa Dabbare-dabbaren Saniya. Na ɗauka shaƙiyanci ne, sai na ga masana sun danganta shi da sunan wani gari da Buddha ya yi wa'azi a cikinsa. Auwalu, wannan ka sa shi, ba ka yi asarar shafi huɗun nan duka ba.

Malam Habu, Sabon Gari:
Kuma kashi na huɗun da Injiniya ya ambata, a 1885 da kuɗinsa ya buga shi, kwafi wajen 40. Wasu tsofaffin bugu a na uku suka tsaya. Duba naka.

Auwalu, Zariya:
Na duba, Malam, huɗu ne cif. An ba ni zuwa Litinin in sake kawowa. Anti, in kin yarda zan kawo maganar daren asibitin ba tare da suna ba. Injiniya, turo min sunayen ƙishirwa ukun nan yadda ake rubuta su da Pali, harshen tsofaffin littattafan addinin Buddha.